Sabon Lasin da Yaya Ya Aiko

Lahadi, 4 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Inna da ƙafar tata? Ya Anti da yara? Ka gaishe mini da mutanen tasha gaba ɗaya, har da waɗanda suka ce ba zan yi wata uku a nan ba za a dawo da ni. Ka ce musu yau wata biyar ke nan, ina nan daram.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa alhali ga waya. Dalilin ɗaya ne: a waya ba ka bari in kai ƙarshen zance. Ina buɗe baki sai ka ce "saurara, Auta", daga nan Inna ta karɓe ta hau tambayata ko ina cin abinci, shi ke nan an gama. A takarda babu mai katse ni. Zan rubuta, in ɗauki hotonta in turo maka, in ka ga dama ka ba Anti ta karanta maka, tunda kai ka ce karatu ciwon ido yake sa ka. Ni da rubutun bayan manyan motoci da tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu da rubutu, ba kuwa zan bari ya yi tsatsa ba.

Saƙonka ya iso ranar Laraba ta hannun mijin 'yar Kawu. Na buɗe ambulan ina zaton hotunan yara ne, sai ga sabon lasin tuƙi yana ƙyalli, da sunana da fuskata. Yaya, yaushe na ce ka sabunta mini? Tsohon yana aljihuna, bai ma mutu ba, da sauran wata huɗu a kansa. Amma na gode, wallahi na gode. Tsohon ya sha gumi da ruwan sama har hoton ya koma kamar inuwa. Kuma na ga abin da ka yi a bayan katin: ka sa an ƙara mini ajin tirela. Ni da ban taɓa ja da tirela baya ko taku goma ba! Na yi ta dariya har Tela, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya tsayar da kekensa yana tambayar ko lafiya. Na san aikin Sarkin Takarda ne, mutumin nan mai teburi a gindin bishiya a ƙofar ofishin lasin, wanda ba a taɓa kai masa takarda ya ce ba za ta yiwu ba.

Ya zo a kan gaɓa, don ga labarin da nake son ba ka. Ka san aikin da nake yi, wanda na ce kada ka faɗa a tasha. Kamfanin wanki ne. Zannuwan gadon asibiti da na otal, da tawul, da rigunan likitoci. Ni ne a bakin injin guga, wani dogon abu mai huci, ina cusa masa zani ta nan, wata mata tana karɓa ta can. Awa takwas a tsaye. Shekara tara na yi a kan sitiyari, Yaya. Shekara tara da bas cike da mutane, ban taɓa taka ko kaza ba. Yau ni ne mai ninke zanin da wani ya yi amai a kai.

To, kamfanin yana da wata farar mota mai rufi da ake kai wa asibitoci kaya. Mai tuƙa ta dattijo ne, Baba Direba muke ce masa, zai ajiye aiki ƙarshen watan gobe, bayansa ya gaji. Na tare Manaja a bakin ƙofa na gaya masa ni direba ne, ba ɗan wanki ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in na kawo lasin ƙasar nan kafin Baba Direba ya miƙa makulli, motar tawa ce. In ban kawo ba, akwai wani Dogo a sashen lodi mai lasin, shi zai hau. Na ga Dogon nan yana gyara fakin da 'yar motarsa. Sau huɗu yana shiga yana fita, a wurin da zan sa bas ido rufe.

Dokarsu ita ce, wanda ya zo da lasin ƙasarsu yana da wata shida ya kai a musanya masa da na nan, ba gwaji ba komai. In wata shidan ta wuce, ka koma ɗan koyo. Saura mini sati uku. Kada ka ce me nake jira tun tuni. Ba jira nake ba, wahalar da ni ake. Ofishin nan ba a shigarsa haka kawai, sai ka nemi rana ta kwamfuta, kwamfutar kuma kullum sai ta ce babu. Wata biyu ina danna ta kamar mai bara. An tura ni gwajin ido, likitan ya ce in karanta haruffan bango, na karanta masa har da sunan waɗanda suka buga allon can ƙasa. Wurin ɗaukar hoto aka ce kada in yi murmushi, sai ka ce akwai abin murmushi. Sannan sai mai fassara na gwamnati ya fassara lasin. Layi shida ne, ya riƙe shi kwana biyu. Littafin dokokin hanyarsu kuwa, shafi ɗari biyu da sha ɗaya, na karance shi tas da ƙamus a gefe, ba don za a tambaye ni ba, don kada wani ya raina mini hankali.

An ba ni Talata ta sama, ƙarfe goma da minti ashirin. Da minti ashirin, ka ji mutane. Sabon zan miƙa musu, su san ba ƙaramin direba ne ya zo musu ba.

Ka ce wa Inna ina ci ina ƙoshi, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Auta

Talata, 13 ga wata

Yaya,

Sallama wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Ina fatan Inna da Anti da yara suna lafiya. Kai ma ina fatan kana lafiya, don ina son ka ji wannan da kunnuwanka biyu garau. Wannan kada ka ba Anti, ka daure wa ciwon idon ka karanta da kanka.

Sun karɓe lasin. Duka biyun.

Na isa tun ƙarfe tara da rigata mai guga. Inji ya ba ni lamba, na zauna a benci ina kallon allo kamar mai jiran sakamakon jini. Lambata ta fito a taga ta huɗu. Wata mata ce mai tabarau da igiya a wuya, ga ladabi, ga sannu da zuwa, irin ladabin da ke ƙona rai. Na miƙa mata fasfo, da takardar zama, da takardar ido, da fassara, na ɗora sabon lasin a sama kamar mai ajiye kati na ƙarshe a karta.

Ta ajiye fasfo a hagu, lasin a dama. Ta ɗora yatsa a nan, ta ɗora a can. Ta tambaye ni yaushe na shigo ƙasar, na faɗa. Ta tambaya ko na taɓa komawa gida tun da na zo, na ce ko filin jirgi ban sake leƙawa ba. Sai ta juyo mini da katin, ta nuna mini ranar da aka bayar da shi. Wata uku bayan na shigo ƙasarsu, Yaya. Ta ce to ta yaya mutumin da yake nan ya je can aka ɗauki hotonsa ya sa hannu?

Kafin in haɗa amsa ta turo mini farar takarda ta ce in sa hannu. Na sa. Ta jera shi da na jikin katin. Ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ba ne. Na gane shi kuwa, naka ne, da wutsiyar nan da kake ja a ƙarshe kamar ta ɓera. Sunana ka rubuta, amma wutsiyarka ka sa masa. Daga nan ta juya bayan katin ta tambaye ni tirelar da aka gwada ni da ita, mai taya nawa ce. Na ji kamar an kama ni da kazar maƙwabta a riga.

Na yi sauri na zaro tsohon, na ce a bar wancan, ga na gaskiya nan, shekara tara ina tuƙi da irinsa. Ta karɓa, ta ce tunda an fitar da sabo, tsohon ya mutu a ranar, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe biyu. Ta zuba su a ambulan ta liƙe. Za su rubuta wa ofishin lasin na gida su tambaya, kafin amsa ta zo ko keken guragu mai inji ban isa in tuƙa ba. Ta ce wata shidan nan kada ta dame ni, tunda na kawo a kan lokaci. Na ce ita ta tsayar da agogonta, wa zai tsayar mini da bayan Baba Direba?

Na ɗaga murya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ta ba ni kowace irin mota a garin nan ta zauna a gefe da kofin shayi cike, in ɗigo ɗaya ya zube ta kira 'yan sanda. Na ce a hanyoyin da na bi, rami ya fi kwalta yawa, su nan da fentin layinsu ko jariri aka ɗora zai kai kansa gida. Ta bari na gama, ta ce ba ta musa ba, amma ita ba tuƙi take dubawa ba, takarda take dubawa. Mai gadi ya zo ya tsaya kusa da ni. Mutanen benci duk sun sunkuyar da kai suna latsa waya. Na fito da 'yar takardar shaidar karɓa a hannu, ban san ma na wuce tashar bas ba sai da na ga kaina a wata unguwa.

Yanzu ka gaya mini, wa ya aike ka? Na roƙe ka? Na yi maka kukan lasin? Da ka bar ni da tsohon katina mai kama da tsumma, da yanzu ina jiran nawa. Kai kullum haka kake, ba ka iya ganin abu yana tafiya daidai ka ƙyale shi, sai ka sa masa hannu. Mota tana tashi lafiya sai ka buɗe bonet.

Ga abin da za ka yi, shi kaɗai. Ka shiga cikin ofishin da ƙafarka, ciki na ce, ba gindin bishiya ba. Ka nemi takarda mai hatimi da ta nuna ranar da aka fara ba ni lasin shekara tara da suka wuce, da cewa sabuntawar nan ba na nan aka yi ta. Gaskiya tsirararta, ba ado. In Sarkin Takarda ya gaishe ka a ƙofa, ka ce kana sauri.

Kada ka gaya wa Inna.

Auta

Asabar, 24 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya jikin Inna? Na ce kada ka gaya mata, sai ga muryarta a saƙo na bakwai tana kuka tana cewa in ji tsoron Allah in daina zagin wana. Na gode. Ka ce mata ban zage ka ba, da zagi ne da ka gane.

Na saurari saƙonninka na murya, duka goma sha ɗayan. Na ji butulu, na ji marar kunya, na ji kwana uku ka yi a rana kana jiran katin nan. Na ji cewa tun da Baba ya rasu kai ne ubana, a cinyarka na fara riƙe sitiyari. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma na goma ne ya hana ni cin abinci.

Ka ce ka shiga ofishin, an duba an ce babu fayil ɗina na farko. Ka ce ba abin mamaki ba ne, don na farkon ma Sarkin Takarda ne ya yi. Ka faɗe shi a tsakiyar zance kamar kana ba ni labarin farashin taya.

To ranar gwajin fa? Ranar da ka tashe ni ka ce in sa riga mai kyau, wani mai kaki ya shigo gaba ya zauna, na zagaya da shi gari ina gumi, ina ba da sigina ko a inda babu kwana? Ka ce ai mai gadin gidan mai ne da ya tashi daga aiki, rage masa hanya muka yi, ka ce mini jami'i ne don in nutsu. Har kana dariya a saƙon. Yaya, shekara tara ina bugun ƙirji a tasha cewa ni gwaji ɗaya na yi na ci. Na yi wa mutane gori da shi. Ashe duk wanda na yi wa gorin ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Na tuna yanzu, mutumin har gyangyaɗi ya yi a hanya, na ɗauka santsin tuƙina ne.

Ke nan a duk faɗin duniya babu takarda ɗaya ta gaskiya da ta ce na iya mota. Fasinjojin da na kai lafiya ba su da hatimi.

Zan faɗi nawa laifin, don kada ka ce naka kaɗai nake gani. Ranar da na dawo daga ofis ina ta zazzaga masifa a ɗaki, Tela yana ɗinki bai ko ɗago ba. Da na gaji ya cire allura daga baki ya ce, "Malam mai karatu, ka karance shafi ɗari biyu, layi shida na jikin katinka suka gagare ka?" Na so in jefe shi da ƙamus. Gaskiyarsa ce. Kwana goma sha uku katin yana hannuna, sau ɗari na fito da shi, ban taɓa duba kwanan wata ba. Bayansa nake juyawa ina kallon ajin tirela. Da na miƙa tsohon shi kaɗai, wa ya sani? Ba wanda ya tilasta ni. Son a ce mini babban direba ne ya kai ni. Kai ka haƙa, ni na yi tsalle na faɗa da ƙafa biyu.

Yau Baba Direba ya ce in raka shi zagaye in taya shi sauke kaya. Na zauna a gefe ƙafata tana neman kuloci a inda babu. Motar lafiyayya ce, Yaya, giyarta kamar ka sa cokali a man shanu. Ya nuna mini ƙofar baya ta kowane asibiti, da inda ake fakin, da mai gadin da ba ya son a yi masa hon. Ya ce ya fi so ni in gaje shi, don Dogo ba ya jin inji, rediyo yake ji. Na juya ina kallon taga don kada ya ga idona.

Manaja ya tare ni jiya ya tambaya ina aka kwana. Na ce ana kan hanya. Ya ce ƙarshen watan gobe dai, ba ƙari.

Yanzu abu ɗaya ya rage. Wasiƙarsu za ta iso ofishin can. Ka bar ta ta bi hanyarta. In sun ce babu fayil, su ce babu, zan san abin da zan gaya wa Mai Tabarau. Ka ce a saƙo na ƙarshe Sarkin Takarda ya san wanda ke amsa irin waɗannan wasiƙu. Na ji, kuma na ce a'a. Ka maimaita wa kanka: Auta ya ce a'a.

Ina gaida kowa.

Ƙaninka,
Auta

Alhamis, 5 ga sabon wata

Yaya,

Salamu alaikum, ina fatan kowa lafiya.

Anti ta yi suɓul da baka a waya. Ta ce in kwantar da hankalina, kai da mutumin bishiya kun gama komai tun ranar Litinin, amsa mai kyau tana hanya. Kada ka yi mata faɗa, ita ta ɗauka albishir take yi mini.

Da wane yare zan ce maka a'a? Na rubuta, ka karanta, ka ce ka ji. Wallahi da a ce hannu yana shiga waya, da yau ka san ƙaninka ya girma. Na kira ka sau tara ba ka ɗauka ba, na san kana kallon wayar tana ƙara.

Ba ni da sauran magana sai na ga abin da kuka aiko.

Auta

Lahadi, 6 ga wata na gaba

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da Anti da yara. Na san wata guda ke nan ban amsa maka ba. Ba mantawa na yi ba, tsoron bakina nake ji. Yanzu ya ɗan huce, ka zauna ka ji yadda aka ƙare.

Sun kira ni ranar sha takwas ga watan jiya. Taga ta huɗu, Mai Tabarau. Ta fito da amsar da aka aiko daga gida, hatimi uku, sa hannu biyu. Ta karanta mini a hankali. Wai an fara ba ni lasin shekara tara da suka wuce, wai na zo da kaina ranar sabuntawa, wai a ranar aka gwada ni a tirela na ci maki casa'in da takwas cikin ɗari. Casa'in da takwas! Ko a ƙarya ba ku iya rage hannu ba. Ina biyun suka tafi, ko Sarkin Takarda ne ya cire ladansa?

Ta cire tabarau ta ce yanzu tana da takardun gwamnati biyu, ɗaya ta ce ina can, ɗaya ta ce ina nan, kuma ni kaɗai na san wadda ta yi ƙarya. Ta ajiye fom biyu a gabana. In na sa hannu a na farko, na rantse na je da kaina, za ta bi takardar ta ba ni lasin cikin kwana goma, har da tirelar, amma za ta aika wa ofishin shige da fice su binciki yadda na fita na dawo ba tambari a fasfo. In na sa a na biyu, na ce ban je ba, lasin ya tashi a banza, sai in fara daga farko kamar wanda bai taɓa ganin mota ba. Ta ce in je benci in yi tunani, tana nan har sha biyu.

Kwana goma, Yaya. Baba Direba saura masa kwana goma sha biyu. Na zauna da fom ɗin farko a cinya, biro a hannu, ina jin makullin motar nan a tafin hannuna. Na ce a raina su binciki mana, kafin su gama na daɗe a kan sitiyari.

Ba zan yi maka ƙaryar waliyyai ba. Ba tsoron Allah ne ya fara zo mini ba, Allah Ya yafe mini, tsoron agogo ne. A wurin aikinmu akwai agogo a bango da kowa ke danna wa kati in ya shigo, in zai fita. Na ƙirga baya, ranar da kuka ce ina can ina murza tirela, Alhamis ce, ina bakin injin guga tun bakwai na safe. Agogon ya sani. Manajan da zan kai wa lasin shi ke riƙe da lissafin agogon. Tambaya ɗaya in aka yi masa, ba mota kaɗai zan rasa ba, har zaman ƙasar. Sannan wani abu ya biyo baya da ya fi wannan sanyaya mini jiki. In suka ba ni ajin tirela, wata rana wani zai miƙo mini makullin tirela, kuma na san kaina, ba zan ce ban iya ba.

Sha biyu saura minti biyar na koma na sa hannu a na biyu. Akwai wurin da aka ce a bayyana yadda aka yi. Na rubuta cewa wana ne ya yi, ba da sanina ba, don yana so na. Ban sa sunanka ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta karanta, ta gyara mini kalma ɗaya, ta ce tunda na faɗa da kaina maganar ta tsaya a teburinta. Na tambaya ko za ta ba ni tsohon katin in ajiye don tarihi. Ta ce a'a. Da ladabi.

Dogo ya karɓi makulli ranar talatin. Ni aka sa in yi masa lodi, tunda gurbinsa ya zama babu kowa. Da zai fita da baya, ni na tsaya ina yi masa hannu, zo, zo, karya, tsaya. Na so ya goga madubi a ƙofa, wallahi na so. Bai goga ba. Baba Direba ya dafa kafaɗata ya tafi.

Na yi rajistar makarantar koyon tuƙi. Jiya na fara. Wata 'yar ƙaramar mota mai allo a ka, don duk gari su san ga jahili nan tafe. Malamar ba ta kai ni shekaru ba, kuma tana da nata birkin a ƙarƙashin ƙafarta. Ba mu yi minti biyar ba ta taka shi har goshina ya kusa gaisawa da gilashi, wai ban tsaya cak ba a mararrabar da ko kare babu. Ta ce hannu biyu a sitiyari. Ta ce in cire gwiwar hannu daga taga. Ta ce hon ba gaisuwa ba ce. Na cije leɓe har na ji gishiri. Da muka dawo na sa motar a fakin da baya a shiga ɗaya, ta dube ni ta ce na taɓa tuƙi ne? Na buɗe baki zan ce shekara tara, sai na tuna ba ni da mai shaida. Na ce mata kaɗan-kaɗan.

Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ina jin haushin mutanen da ke ganin kwanan wata ba sa ganin mutum. Amma na san kwana ukun da ka yi a rana ba don ka cuce ni ka yi ba. Kuma abin da na sani na mota, kai ka sa mini shi a hannu, wannan babu ofishin da zai liƙe shi a ambulan.

Za a yi mini gwajin rubutu nan da sati shida, na hanya kuma sai yadda kwamfuta ta ga dama. Na ji a saƙonka na jiya kana tambayar sunan makarantar da sunan mai gwajin, wai kana da abokin da surukinsa yake nan. Ba zan faɗa ba. Kada ka tambayi Tela, na riga na gargaɗe shi. Kada ka aiko wa kowa gaisuwa, kada ka nemo mini kowa. In kana ƙaunata, Yaya, ka zauna a kan hannuwanka har in fito. In abin ya ci ka, dole sai ka yi wani abu, to ku haɗu da Inna ku yi mini addu'a. Ita kaɗai ce na tabbata ba ta bi ta teburin Sarkin Takarda.

Ka shafa mini kan yara. Ka ce wa Inna ina ci.

Ƙaninka ɗan koyo,
Auta